Ido Ba Mudu Ba Ne: Awon Gida da Awon Duniya a Madafa da Wajen Saƙa

Duk wanda ya shiga birnin Zariya ta Ƙofar Jatau, ya ratsa unguwannin da ke cikin ganuwa har ya kai kasuwa, zai tarar da awo iri uku suna zaune tare a gari ɗaya. Mai hatsi yana auna gero da dawa da tiya. Tela yana yanka shadda da yadi, yana gwada wuya da hannun riga da inci. Mai gidan mai da mai kantin magani kuwa ba su san komai ba sai lita da mililita. Mace ɗaya tana iya yin hulɗa da dukkan ukun kafin azahar ba tare da ta ruɗe ba, domin kowane awo yana da wurinsa, kuma ta saba da shi tun tana ƙarama.

Ruɗani yakan taso ne a ranar da ilmi ya bar hannu ya hau takarda. A da, yarinya takan koyi girki a gaban mahaifiyarta, da ludayi ɗaya da tukunya ɗaya, tana kallo tana kwaikwayo. A yau kuwa tana koyon yin kek ko saƙa hular jariri daga littafin makaranta, ko daga wata mata da ke magana a wayar salula daga Landan ko Amurka. Sai ta ji an ce "kofi biyu na fulawa", ko "allura mai lamba 8". Wane kofi? Lamba 8 ta wace ƙasa? Amsar waɗannan tambayoyi ita ke raba aikin da ya yi kyau da asarar kuɗi, wani lokaci ma har ta shafi lafiya.

AWON DA AKA GADA

Awon Hausawa na asali daga jikin mutum ya fito, kamar na sauran al'ummomin duniya. Taƙi shi ne tazarar da ke tsakanin babban yatsa da yatsan tsakiya idan aka buɗe hannu. Kamu shi ne daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsu, kuma da shi masaƙa suka daɗe suna auna ƙyalle. Gaba ita ce tsawon hannuwa biyu idan mutum ya miƙe su, da ita ake ƙiyasta zurfin rijiya da tsawon igiya. Amfanin irin wannan awo a fili yake: ba a manta shi a gida, ba a sayensa, kowa yana yawo da nasa. Aibinsa ma a fili yake, domin kamun dogon mutum ba ɗaya yake da na gajere ba.

Awon hatsi kuwa da mazubi ake yin sa. Kalmar "mudu" daga Larabci ta shigo Hausa, kuma tana da gindin zama a cikin addini. Zakkar fid da kai sa'i ɗaya ce, wato mudun Annabi (SAW) huɗu, malamai kuma sun kwatanta wannan mudu da cikin tafukan hannu biyu na matsakaicin mutum. Nisabin zakkar hatsi wusuƙi biyar ne, kowane wusuƙi sa'i 60, jimla sa'i 300. Akwai sura guda a cikin Alƙur'ani mai girma, Suratul Muɗaffifin, wadda ta fara da kakkausan gargaɗi ga masu tauye mudu. Ke nan tun kafin zuwan Turawa mutanen ƙasar Hausa sun san cewa awo amana ne.

Sai dai mudun kasuwa dabam yake da mudun shari'a, kuma ba shi da girma ɗaya a ko'ina. A kasuwanni da yawa ana ɗaukar tiya a matsayin mudu biyu, amma tiyar Zariya ba lallai ta zo daidai da kwanon awo na Dawanau a Kano ba, haka ma ta Maraɗi, inda akan ƙiyasta tiyar gero da kimanin kilo biyu da rabi. Ko a kasuwa ɗaya ma akwai mai cika mudu har ya yi tozo, akwai mai shafe baki, akwai mai kewaya bakin mudu da hannunsa domin ya riƙe ƙarin hatsi. Ga kuma marar tsoron Allah da ke bubbuge gindin kwano ya shige ciki. A cikin gida sai ƙananan ma'aunai su karɓa: gwangwanin madara, ludayi, cokali, kwalbar man gyaɗa.

Me ya sa wannan tsari bai rushe ba duk da bambance-bambancensa? Dalili shi ne mai saye da mai sayarwa suna tsaye a gaban mazubi ɗaya, kowa yana gani da idonsa, in bai gamsu ba a yi ciniki. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Wannan gaskiya ce matuƙar ido yana wurin. Idan magana ta yi nisa da ido, sai a nemi awon da ba ya canzawa.

AWON INGILA DA AWON MITA

Turawan mulkin mallaka sun zo da nasu awo, wanda shi ma daga jikin mutum da mazubai ya samo asali kafin doka ta ƙayyade shi. Inci 12 ne ƙafa ɗaya, ƙafa 3 yadi ɗaya, yadi 1,760 mil ɗaya. A wajen nauyi, oza 16 ce laba ɗaya, laba 2,240 kuma tan ɗaya. Da laba aka riƙa auna audugar manoman Zazzau a kan sikeli, da tan aka riƙa lissafin gyaɗar da aka tara dala-dala a Kano. Duk ɗalibin da ya yi makaranta a wancan zamani ya san wahalar haddace waɗannan alƙaluma, domin kowane mataki da nasa adadi.

Wani abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, Ingila da Amurka suna amfani da sunaye iri ɗaya a kan abubuwa mabambanta. A shekarar 1824 Ingila ta sake fasalin galan ɗinta, Amurka kuwa ta ci gaba da wani tsohon galan da ta gada. Saboda haka galan na Ingila lita 4.546 ne, na Amurka kuma lita 3.785. Bambancin ya haura kashi uku cikin huɗu na lita, alhali suna ɗaya ne.

Awon mita a Faransa aka ƙirƙire shi a shekarun 1790, lokacin juyin juya halin ƙasar. Masana suka ce maimakon hannun sarki ko ƙafar wani, a ɗauko awo daga duniyar kanta. Suka yanke cewa mita ita ce kashi ɗaya cikin miliyan goma na nisan da ke tsakanin ƙuryar arewacin duniya da layin da ya raba ta biyu a tsakiya. Masana taurari biyu, Delambre da Mechain, suka shafe shekaru daga 1792 zuwa 1798 suna auna nisan da ke tsakanin Dunkirk da Barcelona domin a fitar da wannan lissafi. A 1799 aka ƙera sandar mita ta ƙarfen filatinam aka adana. A ranar 20 ga Mayu, 1875, ƙasashe 17 suka sa hannu a yarjejeniyar mita a birnin Faris, sannan a 1960 aka kafa tsarin awo na duniya da masana kimiyya ke amfani da shi har yau. Yanzu ba a dogara da kowace sanda: tun 1983 mita ita ce nisan da haske ke tafiya a sararin da babu iska cikin kashi ɗaya bisa 299,792,458 na daƙiƙa. A 2019 shi ma kilogiram aka raba shi da dunƙulen ƙarfen da aka daɗe ana ajiye da shi a Faransa, aka ɗora shi a kan wani adadi na kimiyya da ba ya canzawa.

Kyawun wannan tsari abu biyu ne. Na farko, komai da goma-goma yake tafiya: milimita 10 santimita ɗaya, santimita 100 mita ɗaya, mita 1,000 kilomita ɗaya. Na biyu, tsawo da cika da nauyi a haɗe suke. Akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa kowanne ya kai santimita 10 yana cin lita ɗaya, kuma lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilogiram ɗaya ne, in ban da ɗan bambanci da zafi ko sanyi ke kawowa. Abin sha'awa shi ne, shi kansa awon Ingila a yau da mita ake fassara shi. Tun yarjejeniyar 1959, inci santimita 2.54 ne daidai, yadi mita 0.9144, laba kuma kimanin giram 454.

SAUYIN DA BAI KAI KO'INA BA

Nijeriya ta yi sauye-sauye masu yawa a farkon shekarun 1970. A watan Afrilu na 1972 motoci suka koma bin hannun dama. A ranar 1 ga Janairu, 1973, naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, aka huta da lissafin kwabo 12 a sule da sule 20 a fam. Sai dokar awo ta 1974 ta ɗora ciniki a kan tsarin mita. Alamun hanya suka koma kilomita, man fetur ya koma lita, buhun siminti da na takin zamani suka zama kilo 50. A makarantu da ɗakunan bincike, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, giram da lita da hekta su ne harshen aiki.

Amma doka ba ta shiga kowane lungu ba. Har yanzu turmin atamfa yadi shida ne, wato kusan mita biyar da rabi. Kafinta yana sayen katako da ƙusa da inci, dillali yana sayar da fili da ƙafa, mai hatsi yana nan da tiyarsa. Ko a Jamhuriyar Nijar, wadda ta gaji awon mita kai tsaye daga Faransa, tiya ce ke mulkin kasuwar hatsi. Ita kanta Ingila ta koma kilo da lita a kantuna amma ta bar mil a kan hanyoyinta, Amurka kuwa har yau da inci da laba da galan jama'arta ke harkokin yau da kullum. Wannan ya sa duk mai karanta littafin girki ko na saƙa da Turanci dole ya fara tambayar inda aka rubuta shi.

A MADAFA: CIKA DABAM, NAUYI DABAM

Ba kowane girki ne ke bukatar awo mai tsanani ba. Mai tuƙa tuwo tana zuba gari tana jin ƙarfinsa a muciya, in ya yi ruwa ta ƙara, in ya yi tauri ta yayyafa ruwa. Mai miya tana ɗanɗanawa. A nan hannu da harshe sun fi kowane sikeli, domin ana gyara kuskure tun abinci yana kan wuta.

Gashin fulawa ba haka yake ba. Da zarar an sa kwaɓin kek ko burodi a cikin tanda, ƙofar gyara ta rufe. Abin da ke faruwa a ciki aikin sinadarai ne. Yis, wanda ƙwayar halitta ce mai rai, yana cin sukari yana fitar da iskar kabon dayoksaid. Bekin foda ma irin wannan iska yake saki idan ya haɗu da ruwa da zafi. Sinadarin gulutin da ke cikin fulawar alkama shi ke yin danƙo ya riƙe iskar har kwaɓin ya kumbura. Idan fulawa ta yi yawa, kwaɓin ya yi tauri, iska ta kasa ɗaga shi. Idan ruwa ya yi yawa, ya tashi ya sake faɗawa. Saboda haka daidaiton kayan haɗi shi ne komai.

To, ga inda kofi ke kawo matsala. Kofin girki na Amurka kimanin mililita 237 ne, kofin da ake kira na mita, wanda Ostireliya ke amfani da shi, mililita 250 ne. Kofin shayin da ke cikin kwandon gida kuwa yana iya zama ko nawa. Ƙaramin cokali na awo mililita 5 ne, babba mililita 15, amma a Ostireliya babban cokali mililita 20 ne. Wata malamar girki a birnin Boston mai suna Fannie Farmer ce ta yaɗa al'adar auna kofi da cokali a shafe, a littafinta na 1896, kuma daga nan Amurkawa suka riƙe awon kofi, yayin da mutanen Turai suka fi karkata ga sikeli.

Babbar matsalar ma ba ta girman kofi ba ce. Kofi, kamar mudu, wurin da abu ya cika yake aunawa, ba nauyinsa ba. Ruwa ba ya danƙaruwa, don haka kofin ruwa kullum ɗaya ne. Gari kuwa akwai iska a tsakanin ƙwayoyinsa. Kofi ɗaya na fulawar da aka tankaɗe aka zuba a hankali yakan kai kimanin giram 120, amma idan aka cusa kofin cikin buhu aka danna, yana iya kai giram 150. A girkin da ke bukatar kofi huɗu, wannan bambanci ya kai giram 120, wato kamar an ƙara kofi guda cur ba tare da an sani ba. Shi ya sa mata biyu za su bi umarni ɗaya, da kofi ɗaya, kek ɗin ɗaya ya yi laushi, na ɗayar ya fito kamar tubali. Haka kuma kofin sukari ya kai kimanin giram 200, lita ɗaya ta man gyaɗa kuma ba ta kai kilo ɗaya ba, wajen giram 910 ce, dalilin da ya sa mai ke tasowa a kan ruwa ke nan.

Wannan darasi ya shafi mai sana'a kai tsaye. Macen da ke yin cincin ko alkaki ko kek na biki tana sayen fulawa a buhu mai nauyin kilo, tana aunawa da gwangwani, tana sayarwa da ƙidaya. Idan ba ta san giram nawa gwangwaninta ke ci ba, ba za ta san ainihin abin da ta kashe a kan kowane kwaɓi ba, kuma riba tana iya zubewa ta nan ba ta ankara ba. Ƙaramin sikelin girki yana warware wannan, kuma ba sai an yi ta amfani da shi kullum ba: a auna gwangwanin gida sau ɗaya, a shafe, a rubuta nauyin fulawa da na sukari da yake ɗauka, a manna a bango.

Sai kuma awon zafi. Littattafan Amurka da ma'aunin Faranhait suke magana, sauran duniya da Salsiyos. Domin juyawa, a cire 32 daga adadin Faranhait, a ninka da 5, a raba da 9. Digiri 350 na Faranhait, wanda aka fi gasa kek da shi, ya zama kimanin 177 na Salsiyos, akan ce 180. Wadda ta karanta 180 ta saita tanda mai alƙaluman Faranhait a kan 180, ta ba kek ɗinta zafin digiri 82 ne kawai na Salsiyos, wanda ko ruwa ba zai tafasa ba.

WAJEN SAƘA: LAMBA ƊAYA, ALLURA BIYU

Birnin Zariya ya yi suna wajen ɗinkin hannu na manyan riguna da huluna, kuma tun wajen shekarun 1970 mata da yawa a cikin gidaje suka shiga wannan sana'a. Kusa da ita akwai saƙar zaren ulu, da kwarashi ko da allurai biyu, wadda kasuwarta ke buɗewa idan hunturu ya gabato: huluna da safa da suwaita na jarirai, da mayafin goyo. A watannin Disamba da Janairu sanyin dare a Zariya yakan sauka ƙasa da digiri 15. Jariri sabon haihuwa yana saurin rasa ɗumin jikinsa, domin fatarsa tana da faɗi idan aka kwatanta da nauyinsa, kuma kansa kaɗai ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa. Hular da ta zauna daidai tana da amfani na gaske.

Allurar saƙa tana da lambobi iri uku a duniya. A tsarin mita, lambar ita ce kaurin allurar da milimita, ba wani ɓoye-ɓoye. A tsarin Amurka, lamba tana hawa, allura tana ƙara kauri. A tsohon tsarin Ingila kuwa akasin haka ne: lamba tana hawa, allura tana sirancewa. Dalili shi ne an aro lambobin ne daga masu ƙera waya, waɗanda ke jan ƙarfe ta cikin huda sau da yawa, kowane ja yana ƙara masa siranta, lambar kuma tana bin yawan jan. Sakamakon haka, allura mai milimita 4 ita ce lamba 8 a Ingila, lamba 6 a Amurka. Allura mai milimita 5 kuwa ita ce lamba 6 a Ingila, lamba 8 a Amurka. Wato lambobin sun yi musanya daidai wa daida.

Milimita ɗaya kamar ba komai ba ce, amma saƙa tara ƙananan abubuwa ce. Kewayen kan jariri sabon haihuwa yakan kai santimita 34 zuwa 35, kuma akan saƙa hula ta ɗan gaza haka domin ta kama kai. Alal misali, a ce umarnin da aka rubuta a Ingila ya nemi allura lamba 8, da idon saƙa 22 a kowace santimita 10, a fara da ido 72. Hular za ta fito kimanin santimita 33. Idan mai saƙa ta ɗauki lamba 8 ta Amurka, idanun za su buɗe. In suka koma 19 a santimita 10, ido 72 ɗin nan zai ba da hula mai kewayen santimita 38. An sami ƙarin santimita 5, hular da za ta riƙa zamewa tana rufe wa jariri ido da hanci.

Zare ma yana da nasa tarko. Tsofaffin littattafai da oza suke lissafin dunƙulen ulu, na yanzu da giram. Oza ɗaya giram 28.35 ce, don haka dunƙule mai oza 2 ya kai kusan giram 57, ba 50 ba. Wadda aka ce ta nemi dunƙule goma masu oza 2, ta sayo goma masu giram 50, ta yi gibin giram 67, fiye da dunƙule guda. Zare zai ƙare ana tsakiyar hannun suwaita, kuma ba lallai a sake samun launin da ya yi daidai da na farko a kasuwa ba. Masu kwarashi su ma su lura, domin ɗaurin da Ingila ke kira mai ninki biyu shi ne Amurka ke kira mai ninki ɗaya.

Duk da haka, ba kowane bambanci ne abin damuwa ba. Wasu littattafai suna ƙidaya ido a inci 4, wasu a santimita 10. Inci 4 santimita 10.16 ne, bambancin bai kai kashi biyu cikin ɗari ba, kuma saƙa tana miƙewa ta shanye shi. Hikima ita ce a san kuskuren da ke taruwa da wanda ke ɓacewa. Maganin da ƙwararrun masu saƙa suka sani guda ne: kafin a fara aiki a saƙa ɗan ƙyalle na gwaji, a shimfiɗa shi, a ƙidaya idanun da ke cikin santimita 10 da tef ɗin tela. Wannan gwaji yana kama kuskuren allura, da na zare, har da na hannun mai saƙa, domin wata tana ɗaure zare tamau, wata tana sassautawa. A kuma duba gefen tef ɗin da ake karantawa, tunda fuska ɗaya inci ce, ɗayar santimita.

INDA KUSKURE KE TAƁA RAI

Akwai wani haɗi da ake yi a madafa wanda ba ya karɓar ƙiyasi ko kaɗan, shi ne ruwan gishiri da sukari na yaro mai gudawa. Abin da ke kashe yaro a gudawa shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jiki. Masana sun gano cewa bangon hanji yana shigar da sinadarin sodiyam tare da sukarin gulukos ta ƙofa ɗaya, ruwa kuma ya bi bayansu zuwa cikin jini. Amma wannan yana aiki ne idan haɗin ya yi daidai. Idan gishiri da sukari suka yi yawa, sai lamarin ya juya: haɗin ya janyo ruwa daga jiki zuwa cikin hanji, gudawa ta ƙaru, gishiri kuma ya taru a jini har ya iya taɓa ƙwaƙwalwa.

A shekarun 1980, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, an yi gagarumin wayar da kai a kan wannan haɗi, aka koya wa iyaye mata auna ruwa da kwalbar lemo biyu, wato kimanin mililita 600. Dabara ce mai kyau a lokacinta, domin kwalaben kusan girmansu ɗaya ne. A yau lemo yana zuwa a mazubai masu girma iri-iri, wasu santilita 35, wasu 50, wasu 60, don haka kalmar "kwalba" ta daina zama awo. Ƙunshin garin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi an tsara shi ne a kan adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, galibi lita ɗaya. Wadda ta juye ƙunshin lita ɗaya a cikin gora mai santilita 50 ta ninka ƙarfin gishirin sau biyu. Dole a karanta abin da aka rubuta a jikin ƙunshin da na gorar, a tuna cewa santilita 100 ce lita ɗaya. Haka ma maganin ruwa na yara: idan likita ya ce mililita 5, da ɗan kofin awo ko sirinjin da ya zo da maganin ake aunawa, domin cokulan gida sun sha bamban da juna.

Ba matan gida kaɗai ke faɗawa wannan rami ba. A watan Yuli na 1983 wani jirgin saman Kanada ƙirar Boeing 767 ya ƙare da mai yana sararin sama, saboda an yi lissafin man da laba a maimakon kilogiram. Allah ya kiyaye matuƙan suka sauke shi a wani tsohon filin jirgin soja a Gimli ba a rasa rai ba. A watan Satumba na 1999 kuma hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mirrihi, domin wani rukunin injiniyoyi ya yi lissafi da awon laba, ɗayan kuma ya ɗauka awon mita ne. Kuskuren iri ɗaya ne da na mai hular jariri: an miƙa adadi ba a faɗi awonsa ba.

AIKI GA MALAMAI DA ƊALIBAI

Wannan darasi ne da za a iya koyarwa ba tare da kayan aiki masu tsada ba. Malamin kimiyya ya sa kowane ɗalibi ya zo da gwangwani ko kofi ko cokalin da ake awo da shi a gidansu. A cika kowanne da ruwa, a juye a silindar awo ta ɗakin gwaji, a rubuta mililita nawa ya ci, sannan a jera sakamakon a kan allo. A aro mudu ko tiya daga mutum biyu ko uku, a auna gero a shafe, a sake aunawa da tozo, a ɗora a sikeli. A maimaita da masara da wake da gari. A sa ɗalibai su auna kamunsu da taƙinsu da santimita, su fitar da matsakaici. A darasin tattalin gida kuma, ɗalibai biyu su saƙa ido 20 da zare ɗaya da allura ɗaya, a gwada faɗin aikin kowacce.

Daga waɗannan gwaje-gwaje ɗalibi zai fito da ƙa'idoji uku da za su yi masa amfani a jarrabawa da kuma a gida. Kada a rubuta adadi ba tare da awonsa ba. Kada a gauraya tsari biyu a aiki ɗaya; in an fara da giram a ƙare da giram. Sannan a san ƙasar da umarni ya fito kafin a bi shi. Tiya da kamu da yadi za su daɗe a kasuwannin Zazzau, kuma babu laifi a cikin haka matuƙar mai saye da mai sayarwa suna ganin juna. Abin da ake bukata shi ne a sami a kowane gida wanda ya san giram nawa gwangwaninsu ke ci, da milimita nawa allurarsu take, domin duk ranar da za a karɓi ilmi daga nesa ko a aika da shi, a yi magana da awon da duniya duka ta yarda da shi.